Darasin Juma'a: Kafin Mu Ajiye Namu A Hannun Wasu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Darasinmu na wannan mako magana ce da yawancinmu ba ma so a tayar. A gida Arewa, idan aka ce wane ya kai mahaifinsa gidan kula da tsofaffi, to an samu abin yi masa gori har jikokinsa. Amma nan Legas ce. Ɗaki ɗaya ne ko biyu na haya, ga mata ga yara. Maigida ya fita kafin gari ya waye zuwa Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, ba a sake ganinsa sai bayan isha'i. Kwatsam sai tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko tsohuwa ta shiga gigin tsufa tana fita titi ba ta san hanyar dawowa ba. Kuma ba kowa ne ke da inda zai mayar da su ba. Wasunmu a nan Agege aka haifi iyayensu. Wasu kuwa rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyensu. Shi ya sa a ɓoye, ba tare da an faɗa wa maƙwabci ba, wasu suka fara kai tsofaffinsu gidajen kulawa na kuɗi, wasu kuma suna kai 'ya'yansu da ƙwaya ko taɓin hankali ya kama gidan mari.

Asali dai kowa ya sani: tsoho ya ƙarasa kwanansa a tsakanin 'ya'yansa da jikokinsa. A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah Ya haɗa bauta masa da kyautata wa iyaye, Ya ambaci lokacin tsufansu musamman, Ya hana mu ko nuna musu ƙosawa. Ba mu zo mu sauya wannan ba. Abin da muke cewa shi ne: wanda lalura ta tilasta masa ya ajiye nasa a hannun wasu, ya sani cewa aikin ne ya miƙa musu, amanar tana nan a wuyansa. Rasit ɗin kuɗin wata ba zai amsa masa tambaya ranar gobe ƙiyama ba.

Abin da ya jawo wannan darasi

Akwai wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar goro, da da yawa cikinmu mun sha tsayuwa sahu ɗaya da shi. Bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɗansa ya nema masa wani gidan kulawa mai kyan fenti, yana biya duk wata ba fashi. Sun ce masa ziyara ranar Lahadi ce da yamma. Duk Lahadin da ya je sai ya tarar an yi wa Baba wanka, an sa masa farar jallabiya, an zaunar da shi a falo. Sai ya gode wa Allah ya koma.

Wata Laraba hanya ta biyo da shi ta wurin, ya tsaya ba tare da ya bugo waya ba. Aka daɗe ana ja masa rai a bakin ƙofa. Da ya matsa ya shiga ɗakin, ya tarar da mahaifinsa kwance cikin zanin gado jiƙe da fitsari. Da aka juya shi, ga gyambo a ƙasan bayansa ya kai faɗin tafin hannu. Makonni aka yi ana jinya a asibiti. Abin da ɗan ya faɗa mana shi ya tsaya mana a rai. Ya ce, "Wallahi Malam, ban taɓa ɗaga rigarsa ba. Kunya nake ji."

To jama'a, mu fa 'yan kasuwa ne. Waninmu ba ya sayen kwandon tumatir bai zura hannu ya ga na ƙasa ba. Ba ya sayen huhun goro bai sa an buɗe ba. Ba ya biyan kuɗin sa bai zagaya shi ya duba ƙafa da haƙori ba. Yaya za a yi idan an zo kan uwa ko uba mu tsaya a kan fenti da daɗin bakin mai gida? Ga abubuwa bakwai da za mu duba, ko gidan na kuɗi ne, ko na gwamnati, ko na wata ƙungiya.

Na ɗaya: ƙofa

Tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. Ka ce musu, "Zan iya zuwa duk ranar da na ga dama, ba sai na bugo waya ba?" Gidan kirki yana iya ce maka kada ka zo tsakar dare, ko ka dakata ana yi wa mata wanka. Wannan daidai ne. Amma gidan da ya ce sai rana kaza ƙarfe kaza, kuma a falo kawai za a fito maka da shi ba za ka ga makwancinsa ba, akwai abin da ake rufewa. Kafin ka biya ko kwabo, ka je aƙalla sau biyu: da safe lokacin wanka da karin kumallo, sannan bayan magariba lokacin da manyan ma'aikata suka tashi. Ka gaisa da mazauna gidan, ka lura ko suna sakin jiki ko kuwa suna yin tsit da zarar ma'aikaci ya shigo.

Na biyu: takarda

Da yawa za su nuna maka takardar CAC a rataye jikin bango. Mu mun san wannan takarda, rajistar sunan kasuwanci ce, mai shagon taya ma yana da irinta. Ba ta nuna cewa wani ya zo ya duba gado ko banɗaki ba. A Jihar Legas, hukumar HEFAMAA ce ke yi wa wuraren kiwon lafiya rajista tana sa musu ido, har da gidajen jinya masu zaman kansu. Ma'aikatar Matasa da Ci Gaban Al'umma da ke Alausa ita ce ke kula da harkar gidajen marayu da walwalar jama'a, kuma ita ke riƙe da gidan tsofaffi na gwamnati da ke Yaba. Ka tambaye su wace hukuma ce ta ba su izini, ka karanta kwanan watan da ke jikin takardar ka ga ko wa'adinta bai ƙare ba. In ba ka iya Turanci ba, ka tafi da ɗanka ɗan makaranta.

Sannan ba duk mai farar riga ce nas ba. Cikakkiyar nas tana da lasisi daga hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa. Ka tambaya: nas nawa ne masu lasisi? Wane likita ne ke zuwa, kuma sau nawa? Idan ciwo ya tashi cikin dare, wane asibiti ake kaiwa, da wace mota?

A matakin tarayya an sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Doka tana nan. Amma jami'in gwamnati ba zai leƙa ɗakin mahaifiyarka kowane mako ba. Kai ne za ka leƙa.

Na uku: hanci da fata

Hancinka zai riga idonka sanin gaskiya. Inda ake da tsofaffi dole wani lokaci a ji ɗan wari, amma zarnin da ya kama bango da labule yana nuna ana barin mutane cikin ƙazanta na awowi. Ka ɗaga zanin gado ka ga katifa, ko tana da ledar kariya, ko akwai kuɗin cizo a ɗinkinta. Ka lura ko mazauna gidan suna ta soshe-soshe, don ƙazwa tana saurin bin mutanen da ke kwana wuri ɗaya.

Gyambon kwanciya kuwa shi ne babban abin tsoro ga wanda ba ya iya juya kansa. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa wucewa, naman wurin ya mutu. Wuraren da yake fitowa sanannu ne: ƙasan baya, gefen ƙugu, dunduniya, gwiwar hannu, kafaɗa da ƙeya. A fatarmu baƙa ba lallai ka ga ja ba. Sai dai wurin ya fi sauran jiki duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. Rigakafinsa shi ne a riƙa juya mutum kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, a sauya masa famfas da zarar ya jiƙe, a tsane jikin, a sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta ɗaga daga katifa. Ka tambaye su wa ke juyawa da dare, kuma ina ake rubutawa.

Batun kunya kuma, a ajiye ta a nan. Namiji ya duba mahaifinsa, mace ta duba mahaifiyarta. In uwarka ce ke kwance, ka tafi da matarka ko 'yar'uwarka, ka fita ka ba su wuri. Wannan ba rashin ladabi ba ne, jinya ce.

Na huɗu: banɗaki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa faɗuwa ita ce ta biyu wajen kashe mutane cikin haɗurran da ba da gangan ba, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Yaro ya faɗi ya tashi ya karkaɗe. Tsoho kuwa ƙashin ƙugunsa ke karyewa, kuma da yawa daga wannan kwanciya ba sa sake miƙewa. Saboda haka ka shiga banɗakin da ƙafarka. Tayil ɗin mai santsi ne? Akwai ƙarfen dafawa jikin bango? Akwai kujerar zama a yi wanka? Masan na zama ne ko na tsuguno, alhali tsohon gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa? Keken guragu zai iya shiga ƙofar? In an ɗauke wuta, akwai fitila tsakanin gado da banɗaki? Sau da yawa da dare ake faɗuwa, lokacin da tsoho ya tashi kama ruwa ya ji nauyin tayar da wani.

Na biyar: magani da abinci

Yawancin tsofaffinmu suna fama da hawan jini ko ciwon suga, wasu duka biyun. Kowane mutum ya kamata a ce yana da takardarsa: sunan magani, lokacin sha, da sa hannun wanda ya ba shi. Maganin ya kasance a kulle, cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Gidan da ake juye ƙwayoyin mutane cikin roba ɗaya, ka gudu. Mai allurar insulin, ka tambayi inda ake ajiye ta idan babu wuta, don zafi yana ɓata ta. Mai ciwon suga da aka ba magani aka jinkirta masa abinci, sugansa na iya faɗuwa ya suma.

Ka kula da wani abu: idan duk zuwanka ka tarar da Baba yana barci, ko yana layi, alhali da ba haka yake ba, ka nemi ganin takardar maganinsa. Akwai wuraren da ake ba tsofaffi maganin barci don ma'aikata su huta.

Wajen abinci, ka tsaya ka ga yadda ake ba su. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya. Dole a zaunar da shi sosai, a ba shi mai laushi a hankali, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama. In aka ɗura masa yana kwance, abincin na iya bin hanyar huhu ya jawo ciwon haƙarƙari mai kisa. Ruwa kuma, tsoho ba ya cika jin ƙishirwa, sai an riƙa miƙa masa. Bushewar leɓe da fitsari mai duhu alama ce. Kuma mutumin da ya shekara saba'in yana cin tuwo da kunu da fura, kada a yi mamaki in ya ƙi abincin da bai saba ba ya fara ramewa. Ka tambaya ko za a yarda a riƙa kawo masa na gida, kuma ka tabbatar naman da ake dafawa na halal ne.

Na shida: dare da gobara

Ka tambaya ƙarara: mutum nawa ke kwana a gidan, ma'aikaci nawa ke tsayuwar dare? Mace ɗaya ba za ta iya juya marasa lafiya ashirin ba, balle ta fitar da su in wuta ta kama. Ka dubi tagogi. A Legas kowace taga da ƙarfe a like, ƙofar waje kuma da kwaɗo. Makullin yana hannun wa da dare? Akwai ƙofa ta biyu? Waɗanda ba sa iya tafiya a ƙasa suke ko a saman bene? Tukunyar kashe gobara, allurarta tana kan kore? Tukunyar gas tana ina?

Janareta kuma ya yi nesa da taga. Cikin hayaƙinsa akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba a wannan gari. Lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, ya kamata kowane ma'aikaci ya san ta, kai ma ka sa ta a wayarka.

Na bakwai: addini, harshe da mutunci

Za a nuna masa alƙibla? Akwai mai tuna masa lokacin salla, ya kawo masa buta, ko abin taimama in ba ya iya alwala? Mace ce za ta yi wa mace wanka? Ana rufe ƙofa a rufe al'aura lokacin sauya kaya? Ana kiransu Baba da Mama, ko tsawa ake daka musu kamar yara?

Harshe ma babban abu ne. Mai gigin tsufa sau da yawa yana mance yarukan da ya koya da girmansa, ya koma wanda ya tsotsa a nono. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana ciniki da Yarbanci sai ka ga ba ya jin komai sai Hausa ko Fulatanci. In babu mai fahimtarsa, zai ce cikinsa na ciwo a ce rigima yake yi.

Sannan a rubuta yarjejeniya: nawa ne a wata, me kuɗin ya ƙunsa, wa ke sayen magani da famfas. A rubuta kuma cewa in rai ya yi halinsa, nan take za a kira iyali, ba za a yi wa gawa komai ba sai sun zo, don a samu yi mata sutura yadda addini ya tanada.

Gidan mari

Duk abin da muka faɗa ya shafi inda muke kai matasanmu da sunan gyaran hali. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka. A Oktoba aka samu irinsa a Daura. A Nuwamba kuma aka ceto mutum 259 a unguwar Ojoo da ke Badun, nan kusa da mu. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar alheri. Me ya haɗa waɗannan gidaje? Ƙofa a rufe, iyaye ba sa ganin makwanci.

Shaye-shaye da taɓin hankali ciwo ne, kuma akwai masu maganinsa: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Yaba, akwai na Aro a Abeokuta. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mai wannan lalura. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa wurin likita. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. To ina ga ɗan Adam?

Mu juyo kanmu

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A bayan masallatanmu da cikin shagunan kasuwanninmu akwai tsofaffin masu gadi, masu ga-ruwa da 'yan dako waɗanda ƙarfinsu ya ƙare a wannan gari, ba mata ba ɗa a kusa. A gidajenmu ma akwai ɗakin baya da aka ajiye Inna, ana miƙa mata kwano daga bakin ƙofa. Waɗannan ma gidajen kulawa ne, sai dai ba su da allo a ƙofa. Mu ɗauki tambayoyin nan bakwai mu shiga da su can. Wa ke juya mara lafiya? Janaretan wa ke huci a ƙarƙashin tagarsa? In an kulle ƙofar masallaci da dare, makullin yana ina?

Shawararmu ga jama'a ita ce: duk mai wani nasa a gidan kulawa ya daina ɓoyewa. Ya sanar da liman ko ɗaya daga cikin dattawan kwamiti, za a riƙe masa sirri. In kasuwa ta hana shi zuwa, a samu mutum biyu su leƙa masa a tsakiyar mako, mata su je wa mata. Ma'aikatan da suka san akwai masu zuwa ba zato sun fi kula. In kuma ka samu ma'aikaciya mai tausayi, ka gode mata, ka san sunanta, ka riƙa yi mata ɗan alheri, don aikin nan ba ƙaramin aiki ba ne. In ka ga tabon duka, ko shatin igiya a wuyan hannu, ko rama mai sauri, ko tsoro a fuskarsa, ka ɗauki hoto, ka kai shi asibiti, ka kai ƙara wurin hukuma. Kada ka ce a bar wa Allah ka yi shiru, akwai na wasu a ciki.

Masu son shiga wannan ziyara, maza su ba da sunansu bayan sallar la'asar, mata kuma wurin malamar Islamiyya.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke raye. Allah Ya sa in namu tsufan ya zo mu faɗa hannu nagari. Amin. Juma'a mai albarka.